Babi na Uku: *Go* da 'Yan Rakiyarta

"Malam, ba ka ce mana *go* tafiya ba ce? To ina wutar lantarki ta tafi da aka ce *the light went off*? Kuma in ƙararrawa ta kaɗa, me ya sa ita ma ake ce mata *went off*? Wannan ta mutu, waccan ta kama aiki, duk a kalma ɗaya?"

Duk wanda ya taɓa riƙe alli a makarantar sakandare a ƙasar Daura, daga cikin birni har Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua, ya san wannan tambaya ko 'yar'uwarta. Kuma ba yara kaɗai ke yin ta ba. Ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Daura yana yin ta a zuci idan ya buɗe littafi, haka ma'aikacin ƙaramar hukuma da aka aiko wa takarda daga Katsina. Tambaya ce ta mai lura, ba ta daƙiƙi ba. Abin da kawai ba a cika gaya wa mai yin ta ba shi ne, rabin amsar tana cikin Hausar da yake yi tun yana goye.

Tuwo ɗaya, miya iri-iri

Tun a firamare ake koya wa yaro *go, went, gone*, a ce masa ma'anarta tafi. Ya haddace, ya ci jarrabawa. Sai dai wanda aka haifa cikin Turanci ba kasafai yake barin wannan kalma ita kaɗai ba. Yakan liƙa mata wata 'yar ƙaramar kalma a baya: *on, off, in, out, up, down, over, through, back, round*. Wasu daga cikinsu bayanau ne, wasu kuma irin kalmomin nan ne masu shiga gaban suna su nuna wuri, kamar "a" da "daga" da "cikin" a Hausa. Kada wannan rabe-raben ya ɗauke maka hankali yanzu. A wannan littafi za mu kira su duka 'yan rakiya.

Ɗauki *go* a matsayin tuwon dawa. Jiya an ci shi da miyar kuka, yau da kuɓewa, gobe da taushe. Tuwon bai sauya ba, amma wanda ya ci, miyar yake yabawa ko ya kushe. Wanda ya buɗe ƙamus ya duba *go* ya rufe, bai duba abin da ke biye da ita ba, gayan tuwo ya ci.

Turawan ma sun san da wannan wahala. Tun a 1755, Samuel Johnson, wanda ya wallafa shahararren ƙamusun Turanci a Landan, ya ambata a gabatarwarsa cewa irin wannan haɗi na aikatau da ɗan rakiya shi ne ya fi ba wa baƙon harshen wuya. Saboda haka in ya ba ka wuya, ba a kanka aka fara ba.

Abin da Hausa ta sa a gaba, Turanci ya sa a baya

Dubi waɗannan tagwayen: fita da fito, shiga da shigo, koma da komo, sauka da sauko, hau da hawo. Ba wanda ya zaunar da kai ya koya maka bambancinsu. Idan uwa tana tsakar gida, ɗanta yana cikin ɗaki, cewa za ta yi "fito". Idan tana cikin ɗakin tare da shi ya dame ta, sai ta ce "fita". Wannan "o" na ƙarshe shi ke nuna cewa motsin ya nufo mai magana. F. W. Parsons, wanda ya koyar da Hausa a Landan, shi ne a 1960 ya kasa aikatau na Hausa giredi bakwai bisa ga irin waɗannan ƙarshen kalma da karin sauti, kuma masu "o" su ne giredi na shida. Amma tsohuwar da ke sayar da daddawa ba ta san Parsons ba, ba ta kuma taɓa kuskuren giredi na shida ba.

To lura da kyau. A cikin "fito" akwai saƙo biyu. Na farko, hanyar da aka bi: daga ciki zuwa waje. Na biyu, inda aka dosa: wajen mai magana. Hausa ta sa na farko a jikin kalmar, ta sa na biyu a ƙarshenta. Turanci sai ya juya abin. Inda aka dosa shi ne a jikin aikatau, wato *go* idan ana nisanta da mai magana, *come* idan ana nufo shi. Hanyar da aka bi kuwa an bar wa ɗan rakiya. Shi ya sa fita ta zama *go out*, fito ta zama *come out*. Shiga *go in*, koma *go back*, sauka *go down*, hau *go up*, wuce *go past*, ƙetare *go across*, zagaya *go round*.

Ka ga ke nan ba wai *go* ce ke da ma'anoni goma ba. Aikatau goma na Hausa ne Turanci ya gina da kalma ɗaya da 'yan rakiya goma.

Mu gwada a bakin rijiyar Kusugu. Kamar yadda labarin gargajiya ya zo, Bayajidda ya iso Daura da dare, ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa, ta ce masa ba a samun ruwa sai ranar Juma'a saboda macijiyar da ke cikin rijiya. Idan malamin Turanci ya ce ka ba da sauran labarin, da *go* za ka yi kusan duk tafiyar. Ya fita: *he went out*. Ya ƙarasa har bakin rijiya: *he went up to the well*. Guga ya sauka: *the bucket went down*. Da macijiya ta ɗago kai kuwa, sai ka sauya zuwa *came up*, domin wajensa ta nufo, daidai inda Hausa za ta ce ta fito. Ya sare kanta, ya koma masauki: *he went back*. Da gari ya waye, labari ya zagaye gari har ya kai kunnen Sarauniya Daurama: *the news went round*.

Wani abin sha'awa a nan: yaron da ke hayin iyakar Kwangwalam, a Matamai ko Damagaram, wanda Faransanci yake koyo, shi bai haɗu da wannan juyi ba. Faransanci yana da kalma guda ta fita, guda ta shiga, guda ta hawa, guda ta sauka, kamar dai Hausa. Nasa ciwon kan yana wani wurin daban.

Idan tafiyar ta bar ƙasa

Kusan duk misalan baya, ƙafa ce ke tafiya ko guga. Wahalar tana farawa idan abin da ke tafiyar ba shi da ƙafa.

Wasu dai ba su da wuya, domin tunaninmu da na Bature ya zo ɗaya. Ranar 29 ga Mayu 2023, a jawabinsa na kama mulki, Shugaba Bola Tinubu ya ce *subsidy is gone*, wato tallafin mai ya tafi. Kafin a ce me, farashin fetur *went up*, kuɗin mota daga Daura zuwa Kano ya bi shi. Mu ma hawa muke cewa, ko tashi. Idan kaka ta yi, sabon gero ya shigo kasuwa, farashi *goes down*, ya sauka. Rana ma *goes down*, ta faɗi. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar, *he went down with malaria*. Har sabis ɗin waya idan ya ɗauke, *down* ake ce masa.

*Go on* kuma ita ce "ci gaba". Tsaya ka dubi "ci gaba" da idon baƙo. Me aka ci? Ina bakin, ina haƙoran? Bahaushe yana cin kasuwa, ya ci jarrabawa, ya ci sarauta, ya ci bashi, ya ci amana, ya ci mutunci, bai taɓa tsayawa ya tambayi ina abincin yake ba. Baturen da ke koyon Hausa yana kuka da "ci" irin kukan da kake yi da *go*.

Akwai wani ɗan bambanci a *go on* da ke kayar da ɗalibai, kuma tarihin wani ɗan Daura ya ishe mu misali. Muhammadu Buhari ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2003 bai samu ba, ya sake a 2007, ya sake a 2011. Wannan shi ne *he went on contesting*: ya ci gaba da abu ɗaya bai fasa ba. A 2015 kuwa *he went on to win*: daga baya ya kai ga wani mataki sabo. Idan kalmar da ta biyo baya ta ƙare da *ing*, aikin da ake kai ne aka ci gaba da shi. Idan *to* ce ta biyo, an tsallaka zuwa wani abu. Sannan idan ka iso gari ranar hawan Sallar Gani ka tarar da cincirindo ba ka san dalili ba, tambayarka ita ce *what is going on*, wato me ake ciki.

*Go through* asalinta ratsawa, a shiga ta nan a ɓulla ta can. Daga nan ta haifi 'ya'ya. Wanda ya ratsa wahala, *he went through a lot*, mu sai mu ce ya sha wuya. Jami'in da ya bi takardunka ɗaya bayan ɗaya a kan iyaka, *he went through the papers*. Wanda kuma ya tsaya gaban mai POS a farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, ya san ma'ana ta uku a jikinsa. An tura kuɗi, an cire a asusunka, mai shago yana duba wayarsa yana girgiza kai, layi ya yi tsawo a bayanka, kai kuma kana ta tambaya, "Alhaji, bai shigo ba har yanzu?" Abin da kake tambaya da Turanci shi ne ko kuɗin *went through*, ko sun ratsa sun isa.

Sauran ba sai mun daɗe a kansu ba. *Go over* bita ce, irin wadda ɗalibi ke yi wa karatunsa daren jarrabawa. *Go without* haƙura ne da rashin abu, kamar mai azumi da abinci. Idan abincin biki ya ishi kowa, *it went round*. *Go ahead* shi ne "bismilla" da ake ce wa wanda ya nemi izini. Wanda ya *go back on his word* kuwa, amai ya yi ya lashe.

Mai fuska biyu

Yanzu mu fuskanci *go off*, wadda ta fi kowace rikita mutane. Wuta ta ɗauke, *went off*. Ƙararrawa ta kaɗa, *went off*. Bam ya fashe ko bindiga ta tashi, *went off*. Madara ta lalace, a Turancin Ingila ita ma *went off*. Taro ya gudana lafiya, *it went off well*. Yaya kalma ɗaya za ta ɗauki mutuwa da farawa?

Kafin ka zargi Bature, saurari kanka. Idan ka ce kasuwar Mai'adua ta tashi, kana nufin an watse, ciniki ya ƙare. Idan ka ce injin niƙa ya tashi, kana nufin ya kama aiki. Mota ta tashi a tasha, ta bar wurin ke nan. Makaranta ta tashi, bam ya tashi, hankali ya tashi. "Tashi" ɗaya ce, nan ƙarewa, can farawa, kuma ba ka taɓa rikicewa ba. Me ya hana ka rikicewa? Abin da ya tashin shi ke gaya maka. Kasuwa ba ta da makunni, inji kuma ba ya watsewa.

Haka *off* take. Jijiyarta rabuwa ce da halin da ake ciki. Fitila tana cikin haske, ta rabu da shi. Ƙararrawa tana cikin shiru, ta rabu da shi. Madara tana cikin kyau, ta rabu da shi. Don haka idan ka ci karo da *went off*, kada ka tsaya kallonta. Waiwaya ka ga wane ne ya yi, kuma a wane hali yake kafin nan.

Ba zan ce wannan dabara tana buɗe kowace ƙofa ba. Akwai haɗin da sai dai a haddace. *Go out* fita ce, kuma wutar murhu idan ta mutu *it went out*, wannan ana iya hangowa. Amma *going out with* wata, wanda ke nufin suna soyayya, ba lissafin da zai kai ka gare shi. Gara ka sani tun yanzu, kada wata rana ka so cewa kun fita kasuwa tare da matar maƙwabcinka ka jawo wa kanka magana.

Kalma biyu, abu ɗaya

Mai shirin WAEC ko NECO ya san irin tambayar nan da ake ja wa kalma layi a ce ka zaɓi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana. Sau da yawa abin da ake nema shi ne ka san cewa *go on* ita ce *continue*, *go back* ita ce *return*, *go in* ita ce *enter*, *go off* kuma *explode*. Tun da ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Me ya sa harshe ɗaya zai ajiye kalma biyu don abu ɗaya? Tarihi ne. A 1066 mutanen Nomandi, masu magana da wani nau'in Faransanci, sun ci Ingila da yaƙi. Shekaru aru-aru harshensu ne na fada da kotu, Latin kuma na coci da makaranta. Talaka ya ci gaba da gajerun kalmominsa na gado, masu mulki da malamai suka shigo da dogaye. Mu ma muna da irin wannan da Larabci: ana cewa mutuwa ana cewa wafati, ana cewa roƙo ana cewa addu'a, ana cewa tsoron Allah ana cewa taƙawa. Kowace da wurin da ta dace.

A nan ne nake ganin 'yan bokonmu suna kuskure. Da yawa sun ɗauka doguwar kalma ita ce Turancin manya, gajeriya kuma ta 'yan firamare. Sai ka ji mutum zai ce wa yaronsa ya shiga ɗaki, yana neman kalmar da ta dace da takardar kotu. Gaskiyar magana, a hira ta yau da kullum *go* da 'yan rakiyarta su ne 'yan gida. Dogayen sun fi dacewa da wasiƙar ofis da rubutun jarrabawa. Haka nan ban ga amfanin jera wa yara haɗi hamsin a allo, a ce su haddace kafin Litinin ba. Ranar Laraba sun zube. Jimla guda cikakkiya a kan abin da yaro ya sani, rijiyar garinsu ko kuɗin motar Kano, ta fi zama a ka.

Ramukan da ke kan hanya

Bahaushe yana cewa "zan tafi kasuwa", "zan tafi gida", ba ya sa komai tsakanin tafi da wurin. Turanci kuwa yana son *to*: *go to the market*. Sai yaro ya fara da yar da ita ko'ina, malam ya yi masa gyara, shi kuma ya koma sa ta ko'ina, har ya ce *go to home*. Amma *home* da *there* da *abroad* ba sa karɓar *to*. *Go home* kawai ake cewa.

Rami na biyu a baki yake. Hausa ba ta bambanta sautin "p" da "f", don haka a bakin da yawa daga cikinmu *go up* da *go off* suna fita kusan iri ɗaya. Idan aka tuna cewa ɗaya hawa ce ɗaya kuma tana iya zama fashewa, ya kamata a ba wa leɓe ɗan horo. A *up* leɓuna biyu suna haɗuwa su rufe ruf. A *off* haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa, iska na fita.

Akwai kuma haɗin da mu muka ba shi tamu ma'ana. A Nijeriya *go-slow* cunkoson motoci ne. A Ingila kuwa, ma'aikata ne suka rage saurin aiki da gangan don nuna fushinsu ga masu kamfani. Ba laifi ba ne ka faɗi namu a titin Kano, kowa zai gane, amma ka san da wa kake magana.

Wani sauƙi guda da *go* ta yi maka shi ne, ba a raba ta da ɗan rakiyarta. Ana cewa *go over it*, ba a cewa *go it over*. Wasu aikatau ba haka suke ba, za mu iso gare su nan gaba.

Tun da mun ga *go* ita ce ke ɗaukar motsin da ke nisanta da mai magana, saura abokiyar tagwaitakarta, wadda ke yin aikin "o" ɗin nan na fito da shigo. A nan ma Hausa za ta taimake ka, amma akwai wurin da za ta yaudare ka. Bahaushe yakan miƙe daga majalisa, ya sa takalmi, ya nufi ƙofa yana cewa "ina zuwa", kowa kuma ya gane tafiya zai yi ya dawo. Idan ya mayar da wannan Turanci kai tsaye a gaban baƙo daga Ingila, baƙon zai rasa gane yadda mai zuwa yake ba shi baya. Da wannan za mu buɗe babi na gaba, babin *come*.